Takardar baftisma da zaman makoki: sauya addini a littattafan marubuta Yahudawa

A watan Yunin 1825 wani saurayi Bayahude ɗan garin Düsseldorf a Jamus mai suna Harry Heine ya tafi wani ƙaramin gari da ake kira Heiligenstadt, wani fasto ya yi masa baftisma, wato wankan shiga Kiristanci, ba tare da wani taro ba, ya fito da sabon suna Heinrich. Ba mafarki ya yi ba, ba wa'azi ne ya ratsa shi ba. Karatun lauya yake gab da kammalawa a jami'ar Göttingen, kuma a lokacin Bayahude komai iliminsa ba shi da hanyar zama malamin jami'a ko babban ma'aikacin gwamnati sai in ya shiga coci. Shi da kansa ya ce takardar baftisma ita ce tikitin shiga wayewar Turai. To ya yanki tikitin, aikin kuma bai samu ba. Ko shekara ba a yi ba ya rubuta wa abokinsa Moses Moser wasiƙa yana cewa yanzu Kirista ya tsane shi Bayahude ya tsane shi, kuma yana matuƙar nadamar abinda ya yi. An yi biyu babu kenan.

Abinda ya fi tsaya min a rai game da mutumin nan shi ne tun kafin ya yi baftismar ya riga ya san abinda ake ciki, don ya riga ya rubuta wani wasan kwaikwayo mai suna Almansor wanda aka buga a 1823, kuma labarin ba na Yahudawa ba ne, na Musulman Andalus ne bayan faɗuwar Granada a 1492, lokacin da ake tilasta musu shiga Kiristanci. Saurayin cikin wasan ya dawo gari ya tarar yarinyar da yake so, Zuleima, ta zama Kirista har an canza mata suna. A ciki ne yake ba tsohon baransu Hassan labarin yadda Kadinal Ximenes, babban malamin cocin Katolika, ya jefa Alƙur'ani cikin wuta a tsakiyar kasuwar Granada, Hassan ya ce masa wannan ai somin-taɓi ne, duk inda aka ƙona littattafai ƙarshenta mutane za a ƙona. Wannan maganar yanzu tana nan rubuce a dandalin Bebelplatz na Berlin inda 'yan Nazi suka ƙona littattafai ranar 10 ga Mayun 1933, mutane da yawa suna kawo ta a matsayin magana kan Yahudawa, kuma haka ne ta tabbata a kansu, amma a asalinta kan Alƙur'ani aka faɗe ta kuma Bayahude ne ya rubuta. Ya ɗauki ciwon gidansu ya sa a bakin Musulmi saboda ya ga ciwon iri ɗaya ne.

Na san wani zai ce a wannan lokacin da jinin Falasɗinawa yake kwarara me ya kai ka karatun littattafan Yahudawa. Zuciyata tana Gaza kamar ta kowa, kuma ba na ɓoye hakan. Amma da yawa daga cikin waɗanda zan ambata sun mutu tun kafin a kafa Isra'ila a 1948, wasu a Amurka suka ƙare rayuwarsu, ɗaya ma Musulmi ne ya mutu. Mu nan mun saba in an ce Bayahude sai mu ji kamar an ambaci wani abu guda dunƙulalle, alhali in ka buɗe littattafansu abinda za ka tarar shi ne mutane suna rigima da iyayensu, da malamansu, da 'ya'yansu, wani ma da Ubangijinsa, a kan tambaya ɗaya da ba ta ƙarewa, wai shin in mutum ya bar addinin ya bar mutanen, in kuma ya bar mutanen su waɗanda ya koma wajensu za su karɓe shi?

Wanda ya fi kowa iya rubuta wannan ta ɓangaren uba a ganina shi ne Sholem Aleichem, wanda aka haifa a 1859 a ƙasar Yukiren ta yanzu lokacin tana ƙarƙashin sarkin Rasha, ya mutu a New York a 1916. Da yaren Yidish yake rubutu, yaren talakawan Yahudawan gabashin Turai. Daga 1894 zuwa 1914 ya yi ta fitar da labaran wani mai sayar da madara da cuku da man shanu, Tevye, talaka mai keken doki ɗaya da 'ya'ya mata, mutum ne da ba ya buɗe baki sai ya jawo aya daga Attaura ko daga littafin addu'a, wani lokaci ya fassara ta yadda ta yi masa. Kowace 'ya da irin jarabawar da ta zo masa da ita. Babbar ta ƙi mai kuɗi ta auri tela, ya haƙura. Ta biyu ta bi ɗan juyin juya hali zuwa inda aka kore shi, ya raka ta tasha yana kuka a zuci. Ta uku kuma, Chava, ta kamu da son wani saurayi Kirista magatakardan ƙauyen, kuma a dokar Rasha ta lokacin babu auren kotu, in Bayahudiya za ta auri Kirista ɗan cocin Orthodox dole sai ta yi baftisma. Tevye ya je wajen limamin cocin ƙauyen yana roƙon a bar shi ko ganinta ya yi aka hana shi. Ya dawo gida ya ce wa matarsa Golde ta tashi su cire takalmi su zauna a ƙasa su yi zaman makokin kwana bakwai kamar yadda ake yi wa mamaci, daga yau ba su da wata 'ya Chava.

Inda labarin ya kai maƙura shi ne a daji. Yana dawowa daga talla ita kuma ta fito daga cikin bishiyoyi ta riƙe linzamin dokin tana cewa baba ka saurare ni ko kalma ɗaya ce, shi kuma ya zabga wa dokin bulala ya wuce bai waiwaya ba. Amma yana tafe tunani ya hana shi sakat, yana tambayar kansa wai menene Bayahude menene wanda ba Bayahude ba, me ya sa Allah ya halicci wannan ya halicci wancan, in kuma ya halicce su me ya sa aka gina katanga tsakaninsu har ba za su iya kallon juna ba. Mutumin da ya yi abinda addininsa ya ce ya yi, bai ja da hukuncin ba, amma bai yi kamar ba ciwo ba. Ni wannan gaskiyar ce take sa na yarda da marubuci. A labarin 1914, hukuma ta ba Tevye kwana uku ya bar ƙauyen da aka haife shi saboda shi Bayahude ne, yana cikin ɗaure kaya sai ga Chava ta baro mijin ta dawo, ta ce inda za a kora su nan za a kora ta. Tevye bai ce mana kai tsaye ga abinda ya yi ba, juyowa ya yi ya tambayi marubucin, kai da kai ne ya za ka yi? Mu dai a nan mun san amsar, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kuma duk wanda ya tashi a garuruwan da ake da Musulmi da Kirista a zuri'a ɗaya, kudancin Kaduna ko Filato ko Gombe ko Adamawa, ya san gidan da aka daina ambaton sunan wani ɗa ko wata 'ya, uwar kuma tana aika masa saƙo a ɓoye.

Sai dai ba kowa ne ya samu uba irin Tevye ba, wanda aƙalla yana da abinda yake karewa. Franz Kafka na birnin Prague a 1919 ya rubuta wa mahaifinsa doguwar wasiƙa wadda ba ta taɓa isa hannun uban ba, a ciki yake cewa addinin da ka ba ni ai kusan babu ne, kwana huɗu a shekara kake zuwa wurin ibada, ni kuma ina gefenka ina hamma, ɗan abinda ka taho da shi daga ƙauye ya ishe ka kai amma ya yi kaɗan a miƙa wa yaro, yana tsiyayewa tun a hannunka kafin ya iso ni. Kafka bai shiga coci ba, amma sai da ya girma ya fara neman abin da kansa, ya manne wa wasu 'yan wasan kwaikwayon Yidish da suka zo Prague a 1911, ya shiga koyon Ibrananci har gab da mutuwarsa a 1924. Wallahi wannan wasiƙar ta fi ba ni tsoro a kan duk labaran baftisma, saboda babu wanda ya zo daga waje ya janye yaron, a cikin gida aka rasa shi, wajen uban da yake ganin tunda shi yana da ɗan guntun abin a zuciya to yaron ma zai tsinta.

Franz Rosenzweig shi ma irin wannan gidan ya fito, a Kassel, 'yan uwansa na jini sun riga sun zama Kiristoci, a 1913 bayan wata muhawarar dare da abokinsa Eugen Rosenstock a Leipzig ya yanke shawarar shi ma zai bi su. Amma ya ce ba zai shiga kamar wanda bai da addini ba, zai shiga ne ta ƙofar Yahudanci kamar almajiran Annabi Isa na farko, don haka ya je wani wurin ibada a Berlin ranar Yom Kippur, babbar ranarsu ta azumi da neman gafara. Bayan nan ya rubuta wa ɗan uwansa cewa ya fasa, zai ci gaba da zama Bayahude. Sauran rayuwarsa a kan haka ta ƙare, ya buɗe makarantar manya a Frankfurt a 1920 don irinsa da suka tashi ba su san komai ba, ciwon shanyewar jiki ya kama shi har magana ta gagara, a haka yake fassara littafinsu mai tsarki zuwa Jamusanci tare da masani Bayahude Martin Buber har ya mutu a 1929. Abinda ya rubuta kan Musulunci a babban littafinsa na 1921 bai yi adalci ba ko kaɗan, ya mai da shi abin kwatance ne kawai don ya ɗaga nasa, kuma hakan yana min ciwo daga mutumin da ya san zafin a yi wa addininka hukunci daga nesa. Duk da haka ina girmama abu ɗaya, ya ƙi barin abinda bai sani ba sai da ya je ya gani.

Tambayar ko can ɗin za su karɓe ka kuwa, tarihi ne ya amsa ta da mugunta. Dokokin Nuremberg da 'yan Nazi suka kafa a Jamus a 1935 ba su tambayi abinda ka yi imani da shi ba, kakanninka suka ƙirga. Irène Némirovsky, haifaffiyar Kiev a 1903, shahararriyar marubuciya ce da Faransanci a Paris, a farkon 1939 ita da mijinta da 'ya'yansu mata biyu suka yi baftisma a cocin Katolika. A watan Yulin 1942 jandarmomin Faransa suka zo suka ɗauke ta a ƙauyen da suke fakewa, wata guda bayan nan ta mutu a Auschwitz, sansanin kisa na 'yan Nazi, tana da shekara 39, mijin ma aka bi da shi. Littafin da take cikin rubutawa ya zauna a akwati wajen 'yarta, sai 2004 aka buga shi. Edith Stein ta zama Katolika tun 1922 har ta shiga gidan mata masu zaman zuhudu, da kayan zuhudun a jikinta aka ɗauke ta, a watan Agustan 1942 ɗin aka kashe ta ita ma a Auschwitz. Sannan ga ɗaya ɓangaren. Oswald Rufeisen Bayahude ne ɗan Poland da ya ɓoye asalinsa ya zama tafinta wajen 'yan sandan Jamus a garin Mir, ya tsegunta wa Yahudawan garin ranar da za a hallaka su har wasu ɗaruruwa suka tsere daji, da asirinsa ya tonu ya ɓuya wajen mata masu zaman zuhudu, a nan ya karɓi Kiristanci, daga baya ya zama fada, wato limamin cocin Katolika. Da ya je Isra'ila ya nemi zama ɗan ƙasa a matsayin Bayahude, kotun ƙoli a 1962 ta ce a'a, duk da a fiƙihun malamansu ɗan Bayahudiya Bayahude ne ko ya yi ridda. A 1970 aka gyara dokar aka ƙara sharaɗin kada mutum ya zama mabiyin wani addini. Mutum ɗaya, a wajen 'yan Nazi Bayahude ne da ya cancanci kisa, a wajen kotun Isra'ila kuma bai kai Bayahude ba. Marubuciyar Rasha Lyudmila Ulitskaya ta gina littafi guda a kan rayuwarsa a 2006.

To ga inda nake da ƙorafi da wannan adabin duk da son da nake masa. Saboda wannan tarihin na tilas da tsoro da neman aiki, yawancin marubutan in za su zana wanda ya bar addini sai su zana shi a matsayin mai kwaɗayi ko matsoraci ko wanda soyayya ta rufe wa ido. Aharon Appelfeld, wanda aka kashe mahaifiyarsa yana ɗan shekara takwas ya yi ta gararamba a dazukan Yukiren, yana da littafi sukutum kan wani Karl da ya yi baftisma don a ba shi muƙamin sakataren gari a ƙasar Ostiriya, kuma ya iya zana shi ƙwarai. Na fahimci dalili, wanda aka yi ƙarnuka ana fizge masa 'ya'ya da ƙarfi ba zai yi saurin yarda akwai wanda ya tafi don kansa ba. Amma akwai su. Akwai mutumin da ya zauna ya yi tunani ya ga gaskiya a wani wuri ya bi ta yana sane da abinda zai rasa, kuma wannan mutumin ba kasafai ake ba shi baki ya yi magana ba. Ko Chava ɗin ma ba mu taɓa jin abinda ta so faɗa a dajin ba.

Abin mamaki in tafiyar ta juyo, wato wani ne yake shigowa Yahudanci, nan take alƙalamin yake yin laushi. Isaac Bashevis Singer, wanda ya bar Poland zuwa Amurka a 1935 ya ci kyautar Nobel a 1978, yana da littafi na 1962 da aka fassara da suna The Slave, wato bawa. Bayan kisan gillar da mayaƙan Khmelnytsky, jagoran wani tawaye a Yukiren, suka yi wa Yahudawa a 1648, wani malami Jacob ya rasa iyalinsa, aka sayar da shi bawa ga wani manomi a kan duwatsu yana kiwon shanu, ba littafi ba ɗan uwa, yana ƙoƙarin tuno dokokin Attaura 613 yana karta su a jikin dutse don kada ya manta. 'Yar ubangidansa Wanda, bazawara, ita take kawo masa abinci, ta yi ta masa tambayoyi kan Allah har abin ya shige ta. Da mutanen garinsu suka fanshe shi ya kasa zama, ya koma ya ɗauko ta ta zama Sarah. Matsalar ita ce a Poland ta lokacin Kirista ya koma Yahudanci hukuncinsa kisa ne, har al'ummar da ta karɓe shi tana cikin haɗari, ita kuma harshenta zai tona ta, don haka suka ce kurma ce bebiya. Tana zaune cikin mata suna gulmarta a gabanta suna ganin ba ta ji, tana kallon masu tsantseni kan abinci da tsarki suna cutar maƙwabci suna danne haƙƙin talaka, ita da ta bar komai don wannan addinin. Ranar haihuwa azaba ta sa ta yi magana, asiri ya tonu, ta mutu, aka ƙi binne ta a maƙabarta aka kai ta waje. Jacob ya gudu da jaririn zuwa Ƙudus, bayan shekara ashirin ya dawo ya mutu a garin, masu haƙa kabarinsa suka ci karo da ƙasusuwanta saboda maƙabartar ta faɗaɗa har ta haɗiye inda aka yar da ita. Singer a nan bai ji tsoron mutanensa ba, ya nuna baƙuwar da ta shigo ta fi 'yan gida riƙon abin da gaske. Mu ma ya kamata mu ji wannan a jikinmu, don mun san yadda ake yi wa wanda ya musulunta kabbara da tara kuɗi ranar farko, ranar da ya zo neman aure kuma a fara tambayar asali.

Akwai wani gajeren labarin Philip Roth da yake cikin littafinsa na farko na 1959 wanda duk Musulmin da ya karanta sai ya gyara zama. Wani yaro Ozzie ɗan shekara 13 a makarantar addininsu ta yamma a Amurka, malaminsu Rabbi Binder ya ce musu Annabi Isa mutum ne kamar kowa kuma ba yadda za a yi mace ta haihu ba namiji. Yaron ya ce to in Allah ya iya halittar sama da ƙasa a kwana shida, ya ce haske ya kasance ya kasance, me zai hana shi sa mace ta haihu ba tare da namiji ba? Ai wannan ita ce hujjar da muke karantawa a Suratu Ali Imrana, misalin Isa a wajen Allah kamar misalin Adamu ne. Yaron ba Kirista yake son zama ba, so yake a ba shi amsa, abinda ya samu kuma mari ne a gida wajen uwarsa, a makaranta ma hannun malamin ya fasa masa hanci. Ya gudu saman bene ya ce zai faɗo in ba kowa ya durƙusa ya furta cewa Allah yana iya komai ba, ya sa uwarsa ta yi alkawarin ba za ta sake dukan kowa a kan maganar Allah ba, sannan ya diro cikin ragar 'yan kwana-kwana. Wasu malaman Yahudawan Amurka sun yi fushi da Roth sosai kan labaran wannan littafin. Ni kuwa a duk labarin ban ga mai imani kamar yaron ba.

Wanda ya yi ƙarfin halin bai wa mai barin addinin baki ya yi magana da kansa shi ne Shimon Ballas, haifaffen Bagadaza a 1930, yana cikin Yahudawan Iraƙi kusan 120,000 da suka bar ƙasar a 1950 da 1951. Da Larabci ya fara rubutu kafin ya koma Ibrananci, kuma har ya mutu a 2019 yana kiran kansa Balarabe Bayahude. A 1991 ya fitar da littafin da aka fassara da suna Outcast, wanda ya gina kan rayuwar Ahmad Susa, injiniyan ban-ruwa kuma masanin tarihi ɗan garin Hilla da ya yi karatu a Amurka ya musulunta a shekarun 1930. Mai ba da labarin tsoho ne a Bagadaza yana waiwayar rayuwarsa, ba a mai da shi shaiɗan ba, ba a mai da shi waliyyi ba, yana da hujjojinsa, yana son Iraƙi har cikin ƙashinsa, yana da mutanen da ya ɓata wa, ga kuma gwamnatin da take amfani da rubutunsa don biyan buƙatarta. A rubuta irin wannan da Ibrananci a cikin Isra'ila ba ƙaramin abu ba ne.

Sai kuma wanda da yawanmu mun sani ta wata ƙofar daban ba tare da mun lura daga wannan duniyar ya fito ba, Muhammad Asad mai fassarar Alƙur'ani da Turanci ta 1980. Sunansa na yanka Leopold Weiss, an haife shi a 1900 a Lemberg wadda ake kira Lviv yanzu, kakansa babban malamin Yahudawa ne, shi ma an koya masa Ibrananci da littattafan addini tun yana yaro, amma gidan irin na su Kafka ne, al'ada ta rage imanin ya tafi. A 1922 ya je Ƙudus wajen kawunsa, ya zama wakilin jaridar Frankfurter Zeitung, ya yi gardama da Chaim Weizmann, jagoran masu fafutukar kafa ƙasar Yahudawa, ido da ido kan haƙƙin Larabawan Falasɗinu. A littafinsa The Road to Mecca na 1954 ya ba da labarin wata rana a 1926 yana cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa a Berlin da matarsa Elsa, ya kalli fuskokin mutane masu kyawawan kaya da ƙoshi ya ga kowa kamar yana cikin wata azaba da shi kansa bai sani ba, ya dawo gida ya tarar da Alƙur'anin da yake karantawa a buɗe, idonsa ya faɗa kan Alhakumut takasur. A shekarar ya musulunta. Ya rubuta wa mahaifinsa bai samu amsa ba, sai 'yar uwarsa ce ta rubuto cewa baba ya ɗauke ka a matsayin matacce. Sai 1935 suka koma musayar wasiƙa bayan uban ya fahimci dalilinsa, amma ba su sake haɗuwa ba, a 1942 aka kwashe uban da 'yar uwar daga Vienna suka mutu a hannun 'yan Nazi, shi kuma a lokacin yana tsare a sansanin Turawan Ingila a Indiya saboda takardunsa na ƙasar abokan gaba ne. Daga baya ya wakilci Pakistan a Majalisar Ɗinkin Duniya, ya mutu a Spain a 1992 aka binne shi a maƙabartar Musulmi ta Granada.

Mu muna karanta littafin Asad a matsayin labarin shiriya, kuma haka yake, ni ma haka na ɗauke shi. Amma in ka ajiye shi kusa da wasiƙar Kafka da rayuwar Rosenzweig za ka ga 'yan zamani ɗaya ne masu yare ɗaya, gidajen da suka fito iri ɗaya ne, ƙishin da ya dame su ɗaya ne, ɗaya ya mutu yana nema, ɗaya ya koma gida, ɗaya ya tafi Makka. Ba kasafai ake lissafa littafin Asad cikin adabin Yahudawa na zamani ba, kuma a ganina wannan giɓi ne a lissafin, don shi ne mutumin da sauran littattafan suke ta magana a kansa daga bakin uba da uwa da malami, a nan kuma shi ne riƙe da alƙalamin, bai samu muƙami da musuluntarsa a Berlin ba, bai tsira daga komai ba, uba ya rasa. Haka mu ma in muna ba da labarinsa a wa'azi muna tsayawa a jirgin Berlin da surar, ba ma kaiwa ga wasiƙar 'yar uwarsa da shekarun da ya yi uban bai amsa masa ba, alhali shi da kansa bai cire wannan daga littafin ba.